Magen Saibiriya a ɗakina: ina asalin wannan gashi, kuma za ta iya zafin Haɗeja?

Ɗan_Haɗeja_a_Tomsk:

Assalamu alaikum. Na san akwai waɗanda za su yi dariya in suka ga tambayar nan, amma ku daure ku karanta, don abin ya tsaya mini a rai.

Shekarata shida ke nan ina karatu a Tomsk, can cikin Saibiriya ta ƙasar Rasha, kuma in Allah ya kai mu watan Yuli zan tattara in dawo gida. To ba ni kaɗai ba ne a ɗakin. Shekara uku da suka wuce tsohuwar da nake haya a gidanta ta dawo daga ƙauyensu da 'yar kyanwa a cikin jakar da take zuba dankali, wai ɓeraye sun addabe ta a ɗakin ajiya. Ba a yi wata biyu ba kyanwar ta tare a ɗakina, ina jin saboda ni ne mai soya kifi a gidan. Ranar da aka kawo ta ana ta zuba dusar ƙanƙara, sai na sa mata suna Dusa. Tsohuwa ta ji daɗi ƙwarai, ashe ita a kunnenta Dusya nake cewa, wanda sunan mata ne a wurinsu. Har yau kowa da yadda yake kiranta, ita kuma tana amsawa in ta ga dama.

Ban taɓa ganin mage irinta a gida ba. Mace ce, amma nauyinta kilo 5 da rabi. In ka tura yatsu cikin gashin bayanta sai ka ratsa hawa uku kafin ka taɓa fata: na sama dogo ne mai santsi kamar an shafa masa mai, na tsakiya ya fi gajarta, na can ƙasa kuwa laushinsa kamar audugar rimi. Wuyanta da geza irin ta rago. Tsakanin yatsun ƙafarta gashi ya fito har ya rufe tafin, cikin kunnuwa ma haka. A watan Janairu sanyi yana kai digiri 30 ƙasa da sifili, ni ina ciki da riguna huɗu ina makyarkyata, ita kuwa sai ta yi ta kuka a buɗe mata baranda. Ta hau kan akwatin katako ta naɗe ƙafafunta da wutsiya, ƙanƙara tana sauka a bayanta ba ta narkewa. In ta shigo ta girgije sau ɗaya, ka taɓa ta ka ji ta a bushe. Amma daga Afrilu zuwa Mayu sai gashin ya yi ta zuba, a kofin shayi, a kan sallaya, a tsakanin shafukan littafi, har ta koma kamar rabinta.

Ga abin da nake son sani. Shin asalinta ɗaya da magunanmu na gida, waɗannan sirara masu bin katanga? Wani abokin karatuna ɗan garin ya rantse mini cewa jininsu ya gauraya da na wata kyanwar daji mai tulin gashi da suke kira manul. Sannan ina ganin hotunan magen Nowe da Maine Coon ta Amurka, duk kamar 'yan'uwan Dusa, na kasa bambance su. Babbar tambayar kuma: in na kawo ta Haɗeja, zalunci na yi ko za ta saba? Da na gaya wa Inna a waya shiru ta yi, can ta ce, "Shekara shida, duk tsarabar da ka gani a ƙasar Turawa ita ce mage?"

Likitan_Dabbobi_Zazzau:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ba abin dariya ba ne, tambaya ce mai kyau.

Abokinka ba shi ya fara wannan zance ba. Peter Pallas, wani Bajamushe masanin dabbobi da ya yi yawo a Rasha a ƙarni na 18, wanda ma da sunansa Turawa suke kiran manul ɗin, ya yi zaton daga gare ta maguna masu dogon gashi suka fito. Binciken ƙwayoyin gado ya rushe wannan zaton. A 2007 aka fitar da sakamakon aikin da Carlos Driscoll ya jagoranta, inda aka gwada kyanwoyi 979, na gida da na daji, daga sassan duniya daban-daban. Na gidan kaf, mai gashi da marar gashi, sun koma ga tushe ɗaya, wato kyanwar dajin Afirka da Gabas ta Tsakiya, wadda masana ke kira Felis lybica. Kuma ka san ta. Irinta ce muzurun dajin da ke shiga akurki da dare a ƙauyukanmu, wanda ake cewa zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi. Ba ina cewa a Jigawa ta fara sabo da mutane ba. Wannan ya faru ne wajajen Gabas ta Tsakiya da Masar, inda aka fara tara hatsi, ɓera ya biyo hatsi, ita kuma ta biyo ɓera. A tsibirin Kubrus an tono kabarin da ya kai shekara 9,500 aka tarar da mutum da kyanwa an binne su dab da juna, kuma tsibirin ba shi da kyanwa tasa ta asali, sai dai a jirgin ruwa aka kai ta. Daga baya ma jiragen fatake ne suka yi ta yaɗa su, don duk jirgin da ke ɗauke da hatsi yana buƙatar mai kama ɓera. Saboda haka Dusa taka 'yar ƙasar zafi ce da ta yi aron bargo.

Shi kuwa dogon gashi ba wani jini ne na daban ba. Akwai ƙwayar gado guda da ake kira FGF5, aikinta ta ce wa gashi ya isa haka, tsaya. In ta sami tangarɗa sai gashin ya yi ta tsawo kafin ya tsaya. Kuma sai ɗa ya gaji tangarɗar daga uwa da uba duka biyu kafin ta bayyana, kamar dai yadda ake bayanin AS da AS a maganar sikila. Shi ya sa za ka ga mage da muzuru duk masu gajeren gashi sun haifi 'ya'ya huɗu, ɗaya ya fito buzu-buzu. A ƙasar zafi wannan bai ƙara wa mage komai. Amma a ƙauyen da ƙanƙara ke rufe ƙasa wata biyar ko shida, wadda ta fi kaurin gashi ita ke kai bazara da rai ta haihu, a haka har irin ya yi yawa ba tare da kowa ya zaɓa ba. Ka lura kuma tsawon gashi daban, kaurin na ƙasa daban. Magen Ankara ta Turkiyya gashinta dogo ne kamar siliki amma kusan babu audugar nan a ƙarƙashi, ita zafi bai cika wahalar da ita kamar taka ba.

Maganar Haɗeja. Mage ba ta yin gumi a jiki kamar mu, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa. Lasar jikinta take yi, yawun ya bushe ya sanyaya ta, kuma hawa ukun nan da ka lissafa suna rage amfanin lasar. Zafin jikinta na lafiya digiri 38 zuwa 39 ne. Duk ranar da ka gan ta baki buɗe tana haki kamar kare, to ba hutawa take ba, a jiƙa mata ƙafafu da ciki da ruwa mai ɗan sanyi, ba na ƙanƙara ba, a nemi likita.

Abin da zai ɗan kwantar maka da hankali shi ne, ba sanyi kaɗai ke sa ta tara gashin ba, tsawon yini ne ya fi tasiri. A Tomsk yinin watan Yuni yana haura awa 17, na Disamba kuwa wajen awa 7 ne, jikinta da wannan yake lissafi. A wajenmu bambancin bai kai awa 2 ba. Bayan shekara guda ba za ka ƙara ganin gezar nan cike kamar ta Janairun can ba, sai dai ta riƙa zubar da gashi kaɗan-kaɗan duk shekara. Zuwa a Yuli ma ya fi zuwa a Maris nesa ba kusa ba, za ta sami damina da hunturu kafin bazara ta kama ta.

Abu biyu da nake roƙon ka gaya wa duk mutanen gida tun kafin ta sauka. Kada kowa ya ba ta farasitamol, ko ɓari ɗaya yana iya kashe mage. Kada kuma a sa mata maganin kaska na karnuka mai sinadarin permethrin, shi ma guba ne a gare ta. Na takardu kuwa, kana buƙatar allurar ciwon haukan kare, da ɗan guntun na'urar shaida da ake sawa ƙarƙashin fata, da takardar lafiya daga likitan gwamnati na can, da izinin shigo da dabba daga sashen kula da lafiyar dabbobi na gwamnatin tarayya. Ka fara nema tun yanzu, ba a satin tafiya ba.

Maman_Khairat:

Ɗana, Dakta ya yi maka bayanin ilimi, ni kuma bari in gaya maka abin da na gani a tsakar gidana a Kano.

Da maguna masu gashi suka zama abin yayi, 'yata ta matsa mini lamba har muka sayi guda a wurin wani mai talla a intanet, ya ce mana 'yar Farisa ce tsantsa. Fara sol, fuskarta a baje kamar an danna da tafin hannu, hancin ya lotsa tsakanin idanu. Kyau kam ba a magana, duk wadda ta zo gidan sai ta ɗauki hoto da ita. Abin da bai gaya mana ba shi ne idanun kullum cikin hawaye suke, har gashin ƙasan ido ya rine ya koma ruwan ƙasa, safe da yamma sai an goge da auduga. Barci kuwa da munshari take yi kamar maigidan.

Sai gashi. Mun tafi biki Katsina kwana biyar, na bar wa yara sallahun a riƙa taje ta, ba wanda ya yi. Muka dawo muka tarar bayan kunnuwa da hammata duk sun cure kamar kitson da ya shekara. Na ɗauko almakashi zan yanke dunƙulen, ashe fatarsu siririya ce ƙwarai kuma tana biyo gashin in ka ja, na yanke ta har jini. Wallahi ranar ban iya cin abinci ba. Tun daga nan injin aski muke sa wa, kuma cikinta da hammata kawai ake ragewa. Sannan tun da Haɗeja ka ce, ka yi tunanin ƙarangiya. Tamu sau ɗaya ta fita bayan gida lokacin kaka, na kwashe yinin ina cire mata ɗaya bayan ɗaya, tana yakushina.

Ranar da na fi tsorata wani dare ne a watan Afrilu. Aka ɗauke wuta tun la'asar, janareto ya ƙi tashi. Wajen ƙarfe goma na haska fitila na gan ta a miƙe a bayan ƙofa, harshe waje, ƙirjinta yana sama yana ƙasa. Tawul na jiƙa na shimfiɗa mata, Khairat tana fifita da mafici tana kuka, har Allah ya sa ta dawo daidai. Da safe likita ya ce irin masu lotsattsen hanci sun fi kowace mage saurin galabaita da zafi, don iskar ba ta samun hanya. Ya kuma ce a duba ƙodarta, wai akwai ciwon ƙoda na gado da ya yi yawa a jinsin.

Dabarar da ta fi yi mana amfani ita magen ce ta koya mana. Kullum da rana sai mu tarar da ita kwance ta manna cikinta da jikin randa. Sai na sayi randa ta biyu na girke a lungun da rana ba ta kai wa, aka zuba yashi a ƙarƙashi ana jiƙa shi. Nan ne ofishinta daga azahar zuwa magariba. Taka tunda hancinta lafiyayye ne na san za ta fi tamu juriya, amma ka tambayi kanka wa zai riƙa taje ta in ka tafi bautar ƙasa. Inna ba za ta yi ba, na ji muryarta daga nan.

Ɗan_Zango_a_Nowe:

Salam ɗan'uwa. Ni ɗan Kumasi ne, ina Trondheim shekara tara, kuma maƙwabciyata tana kiwon magen dajin Nowe, wadda suke kira skogkatt. Daga gare ta na koyi bambance su, da fuska ake ganewa ba da gashi ba.

Ka kalli magen ta gefe. Ta Nowe daga goshi zuwa ƙarshen hanci miƙaƙƙen layi ne ba lotsawa, kan nata kuma mai kusurwa uku, ƙafafun baya sun ɗan fi na gaba tsawo. Maine Coon bakinta murabba'i ne kamar akwati, kunnuwa manya a tsaye, jiki dogo. Wani muzurunsu mai suna Stewie an auna shi santimita 123 daga hanci zuwa ƙarshen wutsiya, ya shiga kundin Guinness a 2010. Ta Saibiriya kuwa komai nata a zagaye yake, kai da ido da ciki, kamar ganga. Dukansu ba sa gama girma da wuri, sai sun kai shekara huɗu ko biyar, don haka kada ka yi mamaki in Dusa ta ƙara nauyi.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne duk maganar nan ta "jinsi" ba ta da wani tsufa. Gasar nuna kyanwoyi ta farko da ta yi suna an yi ta ne a Crystal Palace da ke Landan a 1871, wani mai zane Harrison Weir ya shirya. Kafin nan mage mage ce. A Amurka manoman jihar Maine suna da manyan magunansu na rumbu, har wata mai suna Cosey ta ci gasar Madison Square Garden a New York a 1895, daga baya yayin 'yan Farisa ya danne su, sai da wasu suka tashi tsaye suka farfaɗo da su. A 1985 jihar ta ayyana ta a matsayin magenta ta hukuma. Labarin da ake yi cewa barbarar mage da wata dabbar dajin Amurka mai suna rakun ce ta haifar da ita tatsuniya ce irin ta manul ɗinka, ba sa haihuwa da juna. A nan Nowe ma magen gona ce kawai, an fara kula ta a shekarun 1930, yaƙin duniya ya katse abin, sai a 1977 FIFe, ƙungiyar masu kiwon maguna ta ƙasa da ƙasa, ta amince da ita. Mutanen nan suna son haɗa ta da tatsuniyarsu ta Freyja, wadda aka ce kyanwoyi ne ke jan keken da take hawa. Ta Saibiriya ita ce auta: a ƙarshen shekarun 1980 masu kiwo a Leningrad da Mosko suka fara rubuta siffofinta, a 1990 aka kai na farko Amurka. Har kyautar shugabanni an yi da ita, Putin ya aika wa gwamnan Akita ta Japan guda, aka sa masa suna Mir, tukuicin karen da gwamnan ya ba shi.

Hajiya, ita ma taku haka ne. Wani matafiyi ɗan Italiya, Pietro della Valle, ya ba da labarin maguna masu dogon gashi na Khurasan da ke ƙasar Farisa wajajen 1620, amma waɗancan da hancinsu kamar na kowa. Bajajjiyar fuskar nan masu kiwo a Ingila da Amurka ne suka yi ta zaɓa har ta kai haka.

To ɗan'uwa, tunda Dusa daga jakar dankali ta fito ba takardar asali, a wurin ƙungiyoyin nan sunanta magen gida mai dogon gashi, ba za su ce mata 'yar Saibiriya ba. Abin dariyar shi ne daga irinta aka ɗebo waɗanda ake sayarwa da takardar. Kafin ka taso ka sa a duba mata zuciya da na'ura, manyan magunan nan akwai ciwon kaurin tsokar zuciya a cikinsu, musamman Maine Coon, kuma tafiyar jirgi ba wasa ba ce.

Malam_Na_Maraɗi:

Mu nan mussa muke ce mata. Yaro, na karanta duka, kuma ba wanda ya yi tambayar da ta fi muhimmanci: tana kama ɓera kuwa? In ba ta kamawa, kuɗin jirginta ya sayi tumaki biyu.

Ban da wasa, mussa tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu, haka ya zo a hadisi, kuma kowa ya san labarin matar da ta shiga wuta saboda ta tsare ta ba ci ba sha. In ka ɗauko ta daga inda take jin daɗi ka kawo ta inda za ta yini tana haki, hakkinta yana wuyanka. In ka san za ka iya da randa da matajin da Hajiya ta faɗa, bismilla. In kuwa ba haka ba, ka bar wa tsohuwa abarta, in ka iso gida ka leƙa bayan rumbu, 'yan'uwanta suna nan kyauta.

Ɗan_Haɗeja_a_Tomsk:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, tana kamawa. A hunturun bara na zura ƙafa cikin takalmin sanyi da asuba na taka rabin ɓera, ɗaya rabin ban san inda ta kai shi ba.

Dakta, na leƙa ta gefe kamar yadda ɗan'uwa na Nowe ya ce, hancin yana da 'yar lotsawa, kan kuma a zagaye, ganga ce sosai. Na auna ta tare da jakar tafiya, kilo 7 suka yi, kamfanin jirgin da zan bi kuma kilo 8 yake yarda a shiga da shi ciki, saboda haka dole in rage mata kifi.

Sai dai wata sabuwa ta ɓullo. Jiya da daddare na sami tsohuwa a kicin na fara yi mata bayanin takardu da allura. Ta ajiye wuƙar da take yanka kabeji ta dube ni ta saman tabarau, ta ce wa ya gaya mini Dusya za ta je wani wuri? Ita ta ɗauko ta daga ƙauye saboda ɓerayen ɗakin ajiya, aro kawai ta ba ni don ta ga ba ni da kowa. Yau da safe na nemi jakar tafiyar na rasa, sai can na hango ta a saman kabad ɗin ɗakinta, ta ɗora kwalaben jam a kai.

Hajiya, duk da haka ki gaya mini wane irin mataji kike amfani da shi, na ƙarfe mai faɗin haƙora ko na roba? Kuma randar taki babba ce ko madaidaiciya?